Shida Sun Ishe Ni

Tun da muka dawo daga Damagaram bakina bai huta ba. Mata a coci suna tambaya, masu cin abinci a rumfata ta bakin Kasuwar Shanu suna tambaya, har da waɗanda ba su san abin da ya kai mu ba. Wasu so suke su ji ko da gaske shinkafa ta fi araha a can, wasu kuma ko Yaya Hannatu ta warke. Na gaji da ba da labari rabi-rabi ina riƙe da ludayi, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi daga farko, kowa ya huta.

Ni 'yar Filato ce. Aure ya kawo ni Potiskum, sayar da abinci ya zaunar da ni, kuma Maman Ladi kowa yake ce mini. Yaya Hannatu matar wan mijina ce, 'yar Karai-Karai daga wajen Fika. Aure ne ya shigo da ita Katolika. An yi mata baftisma, an ɗaura aurenta a coci, amma Ƙarfafawa, wato shafa man da Bishop yake yi wa mai bi a goshi domin ya karɓi Ruhu Mai Tsarki, ba ta taɓa samu ba. Duk shekarar da Bishop zai zo, ko tana jego ko tana gona, sai ta ce baɗi. Da baɗi-baɗi har ta yi jikoki.

Mijinta, Baban Bulus, ya fita sujadar safe wata rana a cikin shekarun nan na harbe-harbe, bai dawo da ƙafarsa ba. A kan hanyar coci abin ya same shi. Ba zan tsaya a kai ba, don kusan kowane gida a garin nan yana da nasa. Tun daga ranar Yaya ba ta ƙara taka wannan hanyar ba. Kasuwa ma sai dai ta aika. Murfin tukunya in ya faɗi, a bayan ƙofa za ka same ta.

Katikis ɗinmu, mai koyar da masu shirin baftisma, yakan leƙa ta a gida. Wata rana hira ta kawo su kan baye-baye bakwai da Ruhu Mai Tsarki yake bayarwa a Ƙarfafawa: hikima, fahimta, shawara, ƙarfin zuciya, sani, ibada, da tsoron Allah. Ina wurin. Da ya kai kan na huɗu sai ta ɗaga hannu.

"Tsaya, Malam. Ƙarfin me?"

"Ƙarfin zuciya, Mama."

"Wato akwai maganin abin nan a coci, kuka bar ni ina ta fama?"

Ya yi ƙoƙari ya nuna mata ba allura ba ce, amma ta riga ta ji abin da take so ta ji. Matsalar ita ce an sha ɗaga zuwan Bishop ɗinmu saboda halin da hanya take ciki, kuma ko ya zo, cocin nan dai ne wanda ba ta iya shiga. Ana haka sai ɗanta Bulus, makaniki a Damagaram, ya bugo waya ya ce Bishop ɗin can zai zo cocinsu lokacin idin Fentikos, ta je a yi mata a can. Fadanmu, wato limamin cocinmu, ya rubuta takardar izini. Saura mai tsaya mata, wadda za ta ɗora hannu a kafaɗarta a gaban Bishop, kamar uwa. Aka duba aka duba, aka ce ni. Matar da ta koya mini daka barkono a gidan miji, yau ni ce uwarta.

Mota ba mu sha wahala ba. Alhaji Manu, dillalin shanu da ya daɗe yana cin tuwona, zai je kasuwar Maigatari, ya ce mu shiga baya. Bafulatani ne, kuma Hausarsa ba ta san mace ba. Kowa "kai" ne a wurinsa, har matarsa.

Wanda bai zauna a garinmu a shekarun nan ba sai an yi masa bayani. In mota ta zo shinge, fasinja sauka suke yi, su ɗaga hannu sama, su taka har su wuce masu bindiga, sannan mota ta biyo su. Mun saba har ba ma jin abin a matsayin wani abu. Yaya dai ba ta saba ba, tunda ba ta fita. A shingen farko ta ɗaga hannu ta rufe ido gam, ni ina gefenta ina cewa "miƙe, miƙe, ɗan yi dama." Muna tsakiya sai na ji zanina ya fara kwancewa. Hannu a sama, ba halin saukewa. Haka na matse shi da cinyoyi na ƙarasa ina tafiyar agwagwa, wani mai kaki yana ta ƙoƙarin haɗiye dariya. Yaya ba ta gani ba, kuma har yau ba ta yarda an yi ba.

Da muka koma mota sai ta fara tilawa da yatsu. Hikima, fahimta, shawara, ƙarfin zuciya, sani, ibada. Sai ta tsaya ta koma farko. Na ɗauka mantuwa ce. Alhaji Manu yana kallonta ta madubi.

"Maman Ladi, me yake ƙirgawa? Shanu?"

Na gaya masa. Ya sa ta ta maimaita, yana gyaɗa kai a kan kowanne kamar mai duba haƙoran dabba.

"Kun ce bakwai. Shida na ji."

"Shida sun ishe ni, Alhaji," in ji Yaya.

"Na bakwai ɗin fa, ya ɓata?"

"Tsoron Allah ne. Zan ce wa Bishop ya riƙe abinsa. Ni da na taho a cire mini tsoro, a ce kuma za a ƙara mini wani?"

Alhaji ya kusa sakin sitiyari. "Subhanallahi! Ai wannan shi ne bijimin garken. Mu ma shi muke roƙo dare da rana."

"Kai ka roƙa, Alhaji, da alama ba ka da shi da yawa. Ni har kyauta zan iya bayarwa."

Ya yi dariya har da buga ƙafa. Ni ban yi ba, don na san Yaya, na kuma san ba wasa take yi ba.

Bayan Azare shingaye suka fara raguwa, babura suka fara yawa. A wurinmu an daɗe da hana babur, har kunnenmu ya manta ƙararsa. Duk wanda ya wuce ta gefen tagarta sai Yaya ta sunkuya. A Haɗeja muka tsaya cin kifi. Kifin ba laifi, amma yajin an cika masa gishiri, na kuma gaya wa mai shi, don ni ba na iya ganin an ɓata abinci in yi shiru. Ta ce in na iya in zo in karɓi kaskon. Alhaji ya ja ni muka tafi.

A Maigatari muka kwana, gidan mai masaukin Alhaji, aka shigar da mu wajen mata. Sun karɓe mu da tuwon gero da miyar kuka mai daddawa sosai, irin wadda ba ka cewa komai sai ka miƙa kwano a ƙara. Da magariba ta yi, wata yarinya ta kawo mana buta da darduma. Na ce mun gode, mu Kirista ne. Yaya ta ciro rosari ɗinta, tsohuwar gidan ta idar da salla ta ciro nata carbin, suka zauna a tabarma ɗaya kowa yana ja. Can tsohuwar ta leƙo ta taɓa gicciyen da yatsa.

"Naku har da ɗan mutum a jiki."

"Har da shi," in ji Yaya.

"To Allah ya karɓa." Ta koma kan nata.

Washegari Alhaji ya kai mu bakin iyaka ya koma wajen shanunsa, muka yi alkawari da shi sai kasuwa ta zagayo. A ɓangarenmu an duba kaya an bar mu. A ɓangarensu wani jandarma siriri ya karɓi katin shaidarmu yana juyawa, ya tambayi Yaya abin da za ta je yi a Damagaram. Na buɗe baki zan ce ziyarar ɗa, ta riga ni.

"Mai za a shafa mini."

Ya dube ta, ya dube ni. "Mai? Ku da kuke kawo mana mai jarka-jarka ta cikin daji, yau ku ne masu zuwa nema? Ya ƙare a Najeriya ne?"

Ya kira abokinsa ya maimaita masa, suka yi ta ƙyaƙyatawa. Na nuna takardar Fada, bai ma karanta ba. Ya miƙo mana katunanmu ya ce in man ya yi saura mu ɗan rage masa a dawowa.

Motar da muka shiga daga nan ba zan so wa maƙiyina ita ba. An cusa mu har numfashi sai da dabara, akuya a ƙarƙashin ƙafata tana cin gefen jakata, ga zafin bazara. Amma abu ɗaya na lura da shi: tun da muka tsallaka ba wanda ya ce mu sauka mu ɗaga hannu. A wani shinge da direba ya rage gudu, ni da Yaya muka fara tattara zani za mu sauka, sauran fasinja suna kallonmu kamar waɗanda suka taɓu.

Damagaram gari ne na duwatsu da rana. Da tsakar rana kowa rufe shago yake yi ya je ya kwanta, ba kunya ba komai, abin da in na yi a Kasuwar Shanu sai in tashi in tarar masu cin tuwona sun koma wajen Maman Ngozi. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ɓawon ya kusa cire mini haƙori, amma in aka tsaga shi aka zuba wake da mai yana tafiya. Hausarsu ma sai ka kasa kunne. Da na ce kaina yana ciwo, matar Bulus, 'yar ƙasar Benin ce mai ladabi, ta ce za ta kai ni likita. Na ce a kira shi mana. Ashe su asibitin gaba ɗaya suke ce wa likita. Da yamma mutane suna zaune a ƙofar gida suna dafa shayi a ɗan gawayi, ba mai duba agogo. Rana tana sunkuyawa Yaya ta kwashe jikokinta ta tura su ɗaki ta sa sakata. Bulus ya ce, "Mama, nan ba dokar hana fita." Ta ce ta ji, amma ba ta buɗe ba.

A ranar ne kuma ya nuna mana ɗakin da ya gyara mata, da sabuwar katifa da labule. Sai a lokacin na gane ba shafa mai kaɗai ya sa ya kira ta ba.

"Mama, ba za ki koma ba. Me ya rage miki a Potiskum? Gwaggo za ta koma ita kaɗai."

Gwaggon ni ce. A raina na ga yaron yana da gaskiya, kuma da ni ce shi, abin da zan yi ke nan.

Ranar Asabar muka je coci don a gwada masu karɓar Ƙarfafawa. Muna shiga ƙofar harabar Yaya ta ja ta tsaya. Bangon cocin baƙi ne daga taga zuwa sama, rufin babu, an tara sababbin bulo a gefe. A ƙarƙashin wata rumfar kwano da aka kafa a fili ake sujada.

"Nan ma?" ta ce.

Bulus ya sunkuyar da kai. Ya ce an daɗe, wani rikici ne ya taso aka ƙona, yanzu lafiya lau, gyara ake yi. Bai gaya mata a waya ba don ya san ba za ta zo ba. Ta daɗe tana kallon bangon. Na ɗauka za ta juya, amma rumfar ba ta da ƙofa balle a ce ta kasa shiga, sai muka tsinci kanmu a kan benci. Abin da ya fi ba ni mamaki ni kuwa shi ne mata suna shigowa da jakunkunansu a rataye. Mu a gida an daɗe da hana shiga coci da jaka, sai dai ki ƙulle kuɗin baiko, wato sadakar coci, a bakin zani.

Fadansu Mompe suke ce masa, wato Fada da Faransanci. Tsoho ne, mutumin Burkina, ya daɗe a ƙasar har Hausarsa ta zama ta can. Yara ya fara gwadawa, sannan ya zo kan Yaya, ya gaishe ta da girmamawa ya ce ta faɗa masa baye-bayen Ruhu. Ta jero shida tsaf, ta naɗe hannu.

"Saura guda, Inna."

"Na sani, Fada. Wannan ku bar shi. Ina da shi a gida, buhu-buhu."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya jawo kujera ya zauna. Ya tambaye ta wane irin tsoro take da shi, ta gaya masa a taƙaice, har da murfin tukunya. Ya saurara har ta gama. Sai ya nuna Bulus da haɓa.

"Wancan ƙaton, shi ne na fari?"

"Shi ne."

"Ranar da aka fara miƙa miki shi, kin ji tsoro?"

"Na ji. Yarinya ce ni. Gani nake zai suɓuce mini."

"Dukan ki zai yi?"

"Jariri? Da wane hannu?"

"To kin gani. Akwai tsoron da bawa yake yi wa bulala, akwai wanda ake yi don kada a saki abin da ake ƙauna. Na farkon shi ne kike da shi buhu-buhu, kuma ba Ruhu ne ya kawo miki ba. Na biyun ne za a ba ki."

Ni dai maganar ta shige ni, ko da yake na taɓa jin irinta a ajin katikis ina yarinya na manta. Yaya kuwa ko gezau.

"Fada, tsoro dai sunansa tsoro."

Ya tashi yana dafa gwiwa. "Inna, ba kashi-kashi ake kasa su ba kamar tumatir, ki ɗauki wannan ki bar wancan. A dunƙule ake bayarwa. Ki kwana da shi. In kin zo gobe, kin zo."

Tun a hanyar gida na fara lissafin abin da zan gaya wa Fadanmu in muka koma da goshi busasshe. Da safe na tashi na tarar ta yi wanka ta ɗaura farin zaninta tana jira na. Na ce, "Yaya, bakwai ɗin?" Ta ce, "In ba a sayar da nama sai da ƙashi, ai ba a fasa saye." Na ce to.

Rumfar ta cika har waje. Bishop ya shigo cikin jajayen kaya. Waƙa kuwa ba irin tamu ba ce: wannan rukuni su yi da Faransanci, wancan da yaren Togo, 'yan Najeriya su karɓa da Ibo, sannan a haɗu a Hausa, ga ganguna da ƙwarya. Sujadar ta yi tsawo har cikina ya fara ƙara. Masu karɓa suka yi layi, yara ne kusan duka, sai Yaya a ƙarshe da furfurarta, ni a bayanta. Na ɗora hannun dama a kafaɗarta. Rawa take yi, ƙanana-ƙanana, ba tsayawa.

Bishop ya miƙa hannuwa a kansu ya yi addu'a, ya ambaci baye-bayen ɗaya bayan ɗaya. Da ya kai na ƙarshe na ji ta ja numfashi, sai na matse kafaɗar don kada ta yi mini abin da ta yi wa jandarma. Ba ta ce komai ba. Ya tsoma babban yatsa a mai ya zana mata gicciye a goshi. A zamaninmu a Filato, daga nan Bishop ɗan mari yake yi maka a kumatu, wai don ka tuna akwai wuya a gaba. Na riga na gargaɗe ta. Wannan hannu kawai ya ba ta ya ce salama ta kasance tare da ita, ta ce amin.

Muka koma benci. Ta zauna a miƙe, ido a rufe, kamar mai jiran magani ya fara aiki. Hadari yana ta haɗuwa tun safe. Sai wata iska ta taso ta ɗaga fallen kwano ɗaya daga rufin rumfar ta maka shi a kan ɗan'uwansa. Ƙarar ba ta da daɗi, ni ma na zabura. Kafin in waiga Yaya tana ƙarƙashin benci, fuska a ƙasa. Yaran da ke gabanmu suka fashe da dariya. Da na ɗago ta, yashi ya manne a man goshinta, ya fito da siffar gicciyen sarai.

An yi shagali bayan an tashi, shinkafa da naman rago, ba ta taɓa ba. A gida ta zauna bakin sabuwar katifar ta ce, "An ba ni wanda na ce ba na so, an hana ni wanda na zo nema." Tausayinta ya kama ni ƙwarai. Na kawo ruwa zan goge mata goshi, ta ce in bari.

Na ɗauka magana ta ƙare, ni kaɗai zan koma. Da ranar tafiya ta zo sai na ga ta ƙulle kayanta. Bulus ya yi faɗa, ya yi lallashi, har ya ce in sa baki.

"Bulus," ta ce, "na ga bangon cocinku. In dai tsoron zan ji a nan ma, gara in je in ji shi a gidana, inda na san bayan ƙofar da zan ɓuya."

Bai raka mu tasha da fara'a ba, amma ya raka mu.

Jandarman nan ba ya nan a dawowa, na ji haushi don na tanadar masa amsa. A Maigatari muka sami Alhaji Manu ya gama lodin shanu. Ya dubi Yaya ya ce, "To, an samu?" Ta ce an samu. Ya ga fuskarta, ya ce mu shiga mota.

Hanya ta yi ta tafiya, babura suna raguwa, shingaye suna ƙaruwa. A shingen da ke kusa da gari, rana tana tsaka, muka sauka tare da fasinjan wata bas, muka ɗaga hannu. A cikinsu akwai wani tsohon makiyayi, ya saɓa sandarsa a bayan wuya ya rataye hannuwa a kai, yadda suke yi. A ganinsa hannunsa a sama yake. Ɗaya daga cikin masu tsaron, yaro ne matashi, ban san ko na wane ɓangare ba ne don kakin iri-iri ne, ya daka masa tsawa ya yar da sandar. Tsohon ko bai ji ba ko bai gane ba, ya ci gaba da tafiya yana murmushi. Yaron ya fizge sandar, ya sa shi ya durƙusa a kan kwalta mai zafin nan, ya ɗaga bulala.

Muka tsaya cik, hannu a sama. Kowa ya sami wani abu a ƙasa yana kallo, har da ni. Abin da muka koya ke nan a shekarun nan, kuma shi ya sa da yawanmu muke raye.

"Ɗana."

Muryar tana rawa har da ƙyar na gane ta. Yaya ce, idonta a buɗe.

"Ɗana, ka ji tsoron Allah. Sa'an kakanka ne."

Maganar da ake faɗa wa mai awo a kasuwa kullum, ba wanda yake ɗauka da nauyi. Amma a wurin nan ban taɓa jin an faɗe ta ba. Yaron ya juyo da bulalar a sama, bindiga tana lilo a ƙirjinsa. Ya dube ta. Ban san me ya gani ba. Ya sauke hannu, ya yi tsaki, ya jefa wa tsohon sandarsa ya ce duk mu ɓace masa da gani.

A mota Alhaji ya miƙo mata ruwa, ta kasa riƙewa, ni na ba ta a baki. Rabi ya zube a jikinta. Muna shiga gari na kasa haƙuri.

"Yaya, so kike a kashe mu? Me ya hau kanki?"

"Ban sani ba," ta ce. "Ji na yi in na yi shiru, kamar na saki jariri ne."

Masu tambaya ko ta warke, ga amsarku: ba ta warke ba. Jiya-jiyan nan tire ya faɗi a tsakar gidanta na same ta a bayan ƙofa.

Ranar Lahadin da ta biyo bayan dawowarmu na bi ta gidanta kamar yadda na saba, don in karɓi baikonta in kai mata. Na tarar ta ɗaura farin zanin nan. Ban tambaye ta ba. Muka kama hanya. Da muka zo daidai wurin da aka sami Baban Bulus ba ta rufe ido ba, ta dai ƙara sauri. A ƙofar coci ga durom-durom da aka cika da yashi, ga matasa suna laluba mutane ɗaya-ɗaya. Katikis yana tsaye a wurin. Da ya gan ta ya buɗe baki ya kasa rufewa.

"Mama! Sannu da hanya. To nawa kika samo?"

"Bakwai ɗin suka ba ni, Malam. Ɗaya dai na buɗe tukuna."

Aka laluba mu aka ce mu wuce. A bakin matakala ta tsaya, mutane suna ratsa mu ta dama da hagu. An fara waƙar shiga. Ba ta waiwayo ba ta ce, "Maman Ladi, ɗora hannun."

Na ɗora. Kafaɗar tana rawa kamar yadda ta yi a Damagaram, ba ta ragu ba ko kaɗan. Haka muka shiga.